Ruwa a but ɗin tsohuwar mota: sauya roba ko shafa silikon?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce tun da damina ta kankama kake tarar da ruwa kwance a ƙarƙashin tayar safaya ta tsohuwar Peugeot 406 ɗinka, kafet ɗin but ya fara wari, kuma an ba ka shawara biyu masu karo da juna: makanikenka ya ce a sauya robar bakin but gaba ɗaya, fanel-bita kuma ya ce a bi kowace kusurwa da silikon a huta. Ka nemi a faɗa maka wadda ta fi. Zan jera maka su biyun, amma ka yi mini haƙuri in fara da abin da dukansu suka tsallake, wato gano ƙofar da ruwan yake shigowa, domin ramin safaya shi ne wuri mafi gangare a bayan mota, saboda haka ko ta ina ruwa ya shigo can zai tafi ya kwanta, kuma inda ka gan shi ba ya nuna inda ya fito.

Hanyoyin binciken guda biyu ne. Ta farko ita ce ta tiyo. A fitar da komai daga but, da kafet, da safaya, da jak, da kwalin da ke rufe gefuna, a goge ko'ina ya bushe ƙayau, sannan mutum ɗaya ya riƙe tocila yana kallo daga ciki, ɗaya kuma yana zuba ruwa daga waje. Ƙa'idar da mutane suka fi karyawa a nan ita ce ta farawa daga ƙasa. Wanda ya fara da rufin mota ya jiƙe komai a lokaci ɗaya, ba zai san wane wuri ne ya yi yoyo ba. A fara da bamba, a hau zuwa fitilun baya, sai bakin but, sai gilashin baya, sai rufi a ƙarshe, kuma a daɗe a kowane mataki kamar minti biyar ana zuba ruwa a hankali. Ba a buƙatar injin wankin mota mai ƙarfi, domin yana iya tura ruwa ta inda ruwan sama ba zai taɓa shiga ba. Buta ko bokiti ma sun wadatar idan famfo bai kawo ba. Ina roƙonka kada a kulle yaro a cikin but don wannan aiki. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga samfurin 2002 suna da hannun buɗewa daga ciki, amma tsofaffin motoci da yawa ba su da shi. Idan kujerar baya tana kwanciya, a kwantar da ita a leƙa ta nan.

Hanya ta biyu ita ce ta hoda. A barbaɗa hodar jarirai ko garin alli a bangon but ta ciki, da bayan fitilu, da kan robar kanta, a rufe, a bar motar ta kwana a ruwan sama. Da safe za a ga sawun ruwa ya ja layi a cikin hodar, sai a bi shi zuwa sama har inda ya faro. A Jos wannan hanya ba ta da wuya, garin da ruwansa yake kai kimanin milimita 1,400 a shekara tsakanin Afrilu da Oktoba, kuma a Yuli da Agusta da wuya a yi kwana biyu ba a samu ba. Tiyo ya fi sauri, yana ba da amsa cikin sa'a guda, amma hoda ta fi shi gaskiya a kan yoyon da ba ya bayyana sai ruwa ya daɗe yana zuba ko kuma motar tana tsaye a gangare, abin da ya zama ruwan dare a unguwanninmu masu tudu da kwari. Ni nakan fara da tiyo, idan bai nuna komai ba in koma ga hoda.

Yanzu ga shawarar makanikenka. Sauya roba shi ne daidai idan robar ce ta mutu, kuma tana mutuwa: zafin rana da bushewar hunturu suna sa ta ƙage, ta tsattsage, ta daina komawa yadda take bayan an danne ta. Gwajinta ba ya cin ko kwabo. Ka sa takarda a bakin but ka rufe a kanta, ka ja; idan ta fito salin-alin ba tare da turjiya ba, robar ba ta kamawa a wannan wurin. Ka zagaya da gwajin ko'ina. Wani lokaci ma robar lafiyarta ƙalau, makullin but ne ya saki, da an daidaita shi murfin ya danne sosai magana ta ƙare. Amfanin sauya roba shi ne aiki ne mai tsabta wanda ba ya ɓata komai, kuma yana hana ƙura da hayaƙin salansa shigowa. Rauninsa kuwa shi ne sau da yawa ba a nan matsalar take ba, sannan robar da za ka samu a wajen masu kayan gyara na Dilimi ko Farin Gada a Jos tana iya kasancewa an ciro ta ne daga motar da ta kai taka tsufa, don haka ka matsa ta da yatsa ka ga tana dawowa kafin ka biya. Idan an cire tsohuwar, a duba leɓen ƙarfen da take zaune a kai, domin tsatsa takan ɓuya a ƙarƙashinta, kuma sabuwar roba a kan ruɓaɓɓen leɓe ba za ta tare ruwa ba.

Shawarar fanel-bita ita ce ta fi damuna, ko da yake akwai gaskiya a cikinta. Gaskiyar ita ce, wuraren da aka haɗa ƙarfe da ƙarfe a jikin mota an like su da wani gam tun daga masana'anta, musamman a cikin kwatar da ke zagaye bakin but da inda rufi ya haɗu da gefen baya, kuma bayan shekara ashirin wannan gam yana tsagewa kamar siririn gashi. Idan an taɓa bugun motar ta baya aka miƙar da ita, tsagewar ta fi yawa. To, like irin wannan wuri ya zama dole. Kuskuren yana cikin abin da ake likewa da shi. Silikon ɗin da ake sayarwa don banɗaki da tagar gida, mai wari mai tsami yana hawa hanci, yana fitar da asid yayin da yake bushewa, kuma wannan asid yana cin ƙarfen da ba shi da fenti. Fenti ba ya kama silikon, sabon gam ma ba ya kama wurin da ya taɓa zama sai an kankare shi tas. Bayan damina ɗaya ko biyu gefensa yakan ɗago, ruwa ya shige ƙarƙashinsa ya rasa hanyar fita, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Abin da ya dace da haɗin ƙarfe shi ne gam ɗin jikin mota na foliyuretan, irin su Sikaflex, wanda yake karɓar fenti kuma yake jure girgiza. A kankare tsohon gam, a goge tsatsa da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a shafa fentin hana tsatsa, sannan a like a bar shi ya kwana ba tare da ruwa ya taɓa shi ba.

Akwai yiwuwar kuma duka shawarwarin biyu su kuskure. Haka ta faru da ni. Na sauya roba sabuwa, ruwa bai fasa ba, har jak ɗina ya yi ja da tsatsa ya ƙi murɗuwa. Ranar da muka yi gwajin tiyo da ƙanina, yana kai ruwa kan fitilar hagu sai na ga ɗigo ya taru a kan notin da ke riƙe da ita, ya gangaro ta bayan kwali. Da muka kwance fitilar, soson da ke tsakaninta da jikin mota ya zama kamar busasshen ganye, yana marmashewa a hannu. Soso sabo ya kashe maganar. Idan ba a sami na asali ba, akwai baƙin gam mai danƙo da ake kira butil, wanda ba ya ƙagewa, kuma yana barin a sake cire fitilar idan ƙwai ya mutu. Wanda ya like fitila da silikon kuwa yakan fasa ta ranar da zai cire.

Sauran wuraren da za ka duba su ne ƙananan tagogin iska masu leɓen roba da ke ɓoye a bayan bamba, da ramukan lambar mota da na eriya, da robar gilashin baya, da kuma bututun da ke kwashe ruwa daga rufi idan motar tana da rufi mai buɗewa.

Abu ɗaya ne nake so ka ƙi idan an kawo maka shi: huda ramin safaya da ƙusa don ruwa ya riƙa zuba. Wannan yana buɗe ƙarfe ga tsatsa, yana kuma ba hayaƙin salansa hanyar shiga wurin da iyalinka suke zaune, alhali gubar da ke cikinsa ba ta da wari. A ƙasan ramin galibi akwai toshiyar roba ta asali. Ka cire ta ruwan ya tsiyaye, ka shanya kafet da soson ƙarƙashinsa a rana har su bushe sarai, ka mayar da toshiyar. Idan ka yi gwajin, ka faɗa mana a wane mataki ɗigon farko ya bayyana, daga nan za mu san ko roba za ka saya, ko soso, ko gam. Allah Ya sa a dace.