Minti 10 ya yi min rana, minti 45 ya kusa zautar da ni

Jama'a ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya min a rai, kuma na ga mutane da yawa sun fara sauke wannan manhajar ta zuzzurfan tunani da ake ta tallatawa a Facebook da YouTube, wadda wata murya mai sanyi za ta ce ka rufe ido ka bi numfashinka. Ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani, kuɗin rajistar ma kun san shi, da dala suke cira.

Ni rashin barci ne ya kai ni. Tun da Baba ya rasu bara nauyin gida ya dawo kaina, ga shago a Kwari, ga bashin kaya, ga kuɗin makarantar ƙannena, sai in kwanta ƙarfe 11 in kai ƙarfe 3 ido biyu ina ta lissafi. Wani da muke layi ɗaya a kasuwa ya ce in gwada. Kuma tsakani da Allah sati ukun farko ba ni da abin faɗa sai alheri. Minti 10 ne kullum, kyauta, in sa iyafis bayan isha'i in zauna a kujera, muryar tana cewa shaƙa, saki, in tunani ya ɗauke ka ka dawo. Sunan zuzzurfan tunani ma bai dace da shi ba, don ba tunani ake yi ba, barin tunanin ake yana wucewa kana kallo. Na fara samun barci, har maiɗakina ta ce na rage yi wa yara tsawa.

To daɗin nan ne ya ja ni. Kullum na gama sai su turo min talla wai na shirya shiga mataki mai zurfi, shirin kwana 30, minti 45 safe minti 45 dare. Na biya. Ba wanda ya tambaye ni komai, ko an yi maka rasuwa kwanan nan, ko ka taɓa ciwon damuwa, ko kana shan wani magani, ko ɗaya. Lambar kati kawai suka tambaya.

Kwanakin farko ƙananan abubuwa ne, ƙafa ta yi sanyi ta mutu, ƙaiƙayi kamar kiyashi na bin bayana, wani nauyi a tsakanin gira kamar an danna da babban yatsa, sai mafarkai masu yawa da nake tashi ina tuna su tas. A kasuwa kuma hayaniya ta fara yi min yawa, ƙarar masu baro da hon ɗin 'yan adaidaita da na shekara 15 ina ji ban damu ba sai ya zama kamar a cikin kwanyata ake yi. Muryar ta riga ta ce za a ji abubuwa a jiki, a ƙyale su kawai, don haka na ƙyale.

Daren kwana na 11 shi ne maganar da ta sa nake wannan rubutun. An ɗauke wuta, yara sun yi barci, ina falo ni kaɗai. Darasin ranar na bin jiki ne gaɓa gaɓa, a fara daga yatsun ƙafa a hau sama a hankali. Da muka iso ƙirji sai ta ce a tsaya nan a saurari numfashi, kar a gyara shi, a saurara kawai. Wallahi ina saurara sai na ji numfashina ya koma na Baba a darensa na ƙarshe a asibiti, wannan kakarin da ke fita ta cikin robar oksijin, ni ne na kwana da shi ranar, ni na riƙe hannunsa, kuma tun da aka kai shi makwancinsa ban zauna na tuna daren ba ko sau ɗaya don ba lokaci, ga masu gaisuwa ga rabon gado ga kasuwa. Har warin ɗakin asibitin na ji a hancina. Zuciyata ta kama bugawa kamar za ta fasa ƙirji, gumi ya jiƙa min riga, na buɗe ido na kalli hannayena sai na ga kamar na wani ne aka ajiye min a cinya. Falon da na sani, labulen da ni na sayo yadinsa, duk kamar a talabijin nake kallonsu. Muryar kuma tana nan a kunnena a sanyaye tana cewa duk abin da ya zo ka karɓe shi. Na fizge iyafis ɗin, na so in miƙe ƙafa ta ƙi, na yi salati da ƙarfi don na gama yarda lokacina ne ya yi.

Salatin ne ya tashi maiɗakina. Ta fito da fitilar waya tana Abban Ummi lafiya, Abban Ummi yi min magana, ina jin ta amma kamar daga ƙasan rijiya take kira. Ta riƙe kaina tana karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi tana tofa min, ni kuma kuka nake, kukan da ban yi ba ranar jana'iza shi na yi a daren nan, ya fi awa ɗaya. Wajen ƙarfe 1 ta kira Hajiya a waya, Hajiya ta ce iska ce, gari na wayewa a nemo malam ya yi ruƙiyya. An yi ruƙiyyar kuma ban ƙi ba, na ji sanyi a raina, amma abin bai tafi ba.

Kwana uku ina yawo kamar ba ni ba. A shago na auna wa wata baiwar Allah yadi 5 na yanka 4, sai yarona ne ya lura. Abin da ya fi ci min rai ma salla ce, in tayar da kabbara sai hankalina ya koma kan ƙirjina yana jiran bugun nan ya dawo, in kasa sanin raka'a nawa na yi. Ni da na shiga abin don in samu nutsuwa. Ban gaya wa kowa a kasuwa ba, kun san halinmu, kafin la'asar za a ce wane ya taɓu, Dawanau za a kai shi.

Na rubuta wa masu manhajar imel na zayyana komai, rasuwar Baba, hannun da na ji ba nawa ba, duka. Sai bayan kwana biyu amsa ta zo, kuma daga gani ba mutum ne ya karanta ba. Wai sun gode da na raba musu labarina, wai irin wannan alama ce aikin yana shiga jiki, in ci gaba da haƙuri, ga kuma wani darasi na minti 30 a kan karɓar motsin zuciya. Na yarda da su fa, don na ɗauka su ne masana. Na sake zama dare biyu, dare na biyun abin ya dawo tun kafin minti 15.

Allah ya taimake ni da wani abokina da muka yi sakandare tare, yanzu likitan ƙwaƙwalwa ne. Ya auna jinina, ya sa aka duba zuciya, lafiya lau. Ya zauna ya saurare ni ya fi minti 40 sannan ya ce mutumina ka ajiye abin nan tukuna. Ya ce abin da ya same ni shi suke kira fanik atak, firgici mai taso wa mutum farat ɗaya, jin kamar jikinka ba naka ba kuma yakan biyo shi, ba hauka ba ne, kuma sananne ne ga masu dogon zama irin wannan, musamman wanda ke ɗauke da baƙin cikin da bai huce ba. Shi ya nuna min aikin wata malama Willoughby Britton ta Jami'ar Brown a Amurka, ita da abokan aikinta sun fitar da bincike a 2017 bayan sun yi hira da mutum 60 masu wannan zama, suka lissafa nau'in abubuwa 59 da kan taso musu, har da tsoro da rashin barci da dawowar tsohon tashin hankali. Wani nazarin kuma na 2020 da Miguel Farias ya jagoranta, wanda ya tattara bincike da dama, ya samu kusan mutum 8 cikin 100 na haɗuwa da matsala, mafi yawa fargaba da ciwon damuwa. Mutum 8 cikin 100 fa. Ka lissafa yawan masu sauke manhaja.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne da ya gaya min asalin minti 45 ɗin nan. Shirin da Jon Kabat-Zinn ya fara a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979 ne, na sati 8, kuma can a aji ake yi, da malami a gabanka duk sati da za ka gaya wa abin da ka ji ya ce rage ko canja. Su waɗannan sun ɗauko minti 45 ɗin, sun ninka min shi sau biyu a rana, sun bar malamin a can.

Da na je gaida Kawu, muƙaddami ne na Tijjaniyya, na ba shi labari. Ya fara tambayata ko akwai kiran wani abu ko bautar wani abu a ciki, na ce Allah ya gafarta Malam tushensa dai daga mabiya Buddha ne amma wanda nake yi numfashi ne kawai, masu maimaita wasu kalmomi ba na buɗe su. Ya yi shiru sannan ya ce ai ko mu lazimi ƙidayayye ne, istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, kuma sai da izini, halwa kuwa ba a sa almajiri ya shiga shi kaɗai ba mai leƙa shi, ka manta waɗanda ake cewa sun zautu don sun ɗauki wuridin da ya fi ƙarfinsu? Na ce ban manta ba. Ban dai taɓa kawowa abin cikin waya zai iya kai mutum can ba.

Yadda na lallaɓa na dawo, ko wani zai amfana: sati biyu ban taɓa shi ba sam. Likita ya ce in ci abinci sosai, in yi tafiyar ƙafa da yamma, in zauna cikin mutane, kar in kaɗaice. In na ji abin na tasowa in buɗe ido, in taka ƙasa da tafin ƙafa, in wanke fuska da ruwan sanyi, in kira sunan abubuwan da nake gani a ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Da na koma kuma minti 5 ne zuwa 10, da safe ba da dare ba, ido a buɗe, kuma na daina bin ƙirji, sauti nake saurara ko tafin ƙafa. Maganar Baba kuwa da Hajiya muka zauna muka yi ta, muka yi kukanmu, wannan ya fi kowane darasi yi min amfani.

Da na fara rubutun nan niyyata in ba manhajar tauraro 3, don minti 10 ɗin nan na kyauta ya taimake ni kuma ba zan ci amanarsa ba. Amma yanzu na tuna da alat ɗin da ya shigo min ina tsakiyar wannan hali, ashe shirin kwana 30 da kansa yake juyewa rajistar shekara, suka cire kuɗin shekara guda cif daga katina a lokacin da ko ganin manhajar ba na son yi. Na nemi a dawo min da shi suka ce yana cikin sharuɗɗan da na amince. Na je na duba sharuɗɗan, a can ƙasa cikin ƙananan rubutu na ga layin da suka ce wannan ba magani ba ne, mai matsalar ƙwaƙwalwa ya tuntuɓi likita. Kenan sun sani. Sun sani suka ɓoye shi inda ba mai karantawa, tallar mataki mai zurfi kuwa da manyan baƙi kullum a fuskar waya. Tauraro 2, shi ma don sati ukun farko ne.

Har yanzu wani lokacin in na kwanta ta gefen hagu na ji bugun zuciyata sai gabana ya faɗi, sai na juya. Maiɗakina ta ce kar ta sake ganin iyafis a kunnena bayan isha'i, kuma na yi mata alkawari. Wanda ya nuna min manhajar a layinmu yana kwana na 6 a shirin, shi ma mahaifiyarsa ta rasu da azumi, gobe da safe kafin a buɗe shaguna zan same shi.