Wasan fentbol da na yi a Beljik da maganar bindigar da kuke roƙo

Salamu alaikum Auta, ina gida, ina su Inna da Baba, ya kuke da zahi don na san yanzu Tawa ta ɗau wuta. Na ji vokal ɗinka tun jiya, na ce bari in zamna in rubuto maka da kyau ka karanta ma sauran yaran, tunda hoton nan da na sa a WhatsApp shi ya jawo kowa na ce min yaya aiko mana da irin bindigar nan.

Wasan sunanshi fentbol, wasa ne da ake harbin juna da ƙananan ƙwallaye masu fenti a ciki. Abokan aikina sunka shirya shi ran Asabar, mu 12, bayan garin Bruksel kaɗan cikin wani ɗan daji da anka zagaye da raga. Tun sati biyu kahin ranar munka kama wuri ta intanet munka bada abans, nan ba a tahiya haka nan a ce ga mu mun zo. Na biya yuro 30, in ka buga da 655 ya kusa jikka 20, na san kuɗɗin cefanen kwana nawa ne wanga a gida kuma ya dame ni sanda nike biya. Cikin kuɗɗin akwai bindigar da maski da rigar sama irin ta makanikai da abin kare wuya da ƙwallayen fenti 200. Masu wurin sun turo mana saƙo ma tun daren Juma'a cewa kowa ya sa tsohin kaya masu dogon hannu, takalmi rufaffe, mai safar hannu ya zo da ita, kuma duk wanda anka ji warin giya bakinshi ba ya shiga.

Da munka isa ba wanda ya taɓa komi sai da wata yarinya, ita ce arbit, ta tsaida mu kusan minti 20 tana bayani. Ta ce su ba su ce mata bindiga, markar suke cewa, don asalinta abin sa ma itatuwa da shanu alama ne da fenti daga nesa, sai a 1981 wasu mutane a New Hampshire can Amurka sunka maida shi wasa. Na tuna yadda ake sa ma bisashe alama da ƙarhe mai zahi wajenmu. Ƙwallon kamar milimita 17 ne, bawonshi irin na kafso na magani, fentin ciki kuma ruwa na wanke shi. Amma yana hita da gudu har mita 90 a sakan guda, iyakar da anka yarda ke nan, kuma a gabanmu ta gwada kowace bindiga da wani ɗan na'ura, guda ta wuce ta maida ta ciki ta kawo wata. Akwai wata 'yar jaka da ake rufe bakin bindigar da ita, in ba cikin hili kake ba dole tana kai, yatsa kuma ba ya zama kan kunama. Wanda fenti ya fashe jikinshi ya ɗaga hannu ya hita, ba a sake harbinshi, ba a kuma harbin mutum kusa-kusa. Doka ta farko da ta maimaita ya fi sau biyar ita ce maski, komi ya faru ba a cire shi cikin raga.

To ga abin da ya sa nike rubuta maka duk wanga. A zagaye na biyu ina duƙe bayan wasu tayoyi, sanyi waje ni kuma zufa, gilashin maskina ya yi hazo ban ganin ko hannuna, sai na kai hannu zan ɗaga shi kaɗan in goge. Wallahi ban kai ga ɗagawa ba na ji usur, ta tsaida wasan duka, ta zo da gudu ta kama hannuna ta hid da ni har bayan raga, can ta ba ni wani maski mai gilashi biyu wanda ba ya hazo, ba ta ƙara min ko sisi ba. Na koma ko minti biyar ba a yi ba sai tas, ƙwallo ya fashe daidai saman idona na hagu, rawaya ta rufe gilashin, har ɗacin fentin na ji a baki ta ramukan iska. Na zamna ƙasa jikina na ɓari. Wanda ya same ni a cinya ta cikin wando biyu ya bar shaida kamar dala ashirin, har yau kwana shida tana nan, to ka yi tunanin ido.

Nan take yaron nan na unguwarmu ya faɗo min a rai, wanda anka harba da bindigar roba mai ƙananan ƙwallaye ran ƙaramar Salla, ka san shi, har Yamai anka kai shi idon bai dawo ba. Duk Salla irinta na cika kasuwa, mai tebur ya amshi kuɗɗinshi ya miƙa ma yaro ɗan shekara bakwai shi ke nan, ba tabarau ba bayani. Nan kuwa mai wurin in ya ba ka abin harbi dole ya ba ka abin kariya tare, ya sa mutum ya tsaya kanka, yana da asuransi, kuma maskin da wani ya cire sai an wanke shi da magani kahin a ba wani. Abin ya yi min ciwo don na san kai kanka da tabarau na dala ɗari kake walda, dare ya yi ido na maka kamar an zuba rairayi, ka hau moto kuma kai ba kaski.

Ba komi na nan ya fi namu ba dai. Ƙwallayena sunka ƙare kahin lokaci, ƙari sai da kuɗɗi masu yawa, ba ragi ba gyara, ruwan sha ma 'yar kwalba yuro 3, alhali a gida ko wajen mai shayi ka tsaya za a miƙo maka ruwa don Allah. Awa biyu na cika sunka ce a tashi wasu na jira. Kuma in daɗin kallo ne da ganga da kirari, hilin kokowarmu ya hi shi nesa.

Maganar aiko bindiga a bar ta. Ko nan sai mai shekara 18 ake saida ma ita, ga duwan, ga halin tsaro da ƙasa ke ciki, yaro ya hito da abu mai kama da bindiga a Tawa yanzu ai ka san abin da ka iya biyowa. Tulun iskarta ma sai da inji na musamman ake cika shi, na masu faci ba ya iyawa, ƙwallayen kuma sanyi suke so, zahin watan huɗu sai su yi laushi su manne.

Abin da na saya maka maskin walda ne irin wanda ke yin duhu da kanshi in wuta ta tashi, da tabarau fari guda huɗu na yankan ƙarhe, ka ba yaran shago uku ka riƙe guda. Wani ɗan garinmu zai sauka Yamai ƙarshen wata, zai sa maka su a kar. Kaski ne ban saya ba tukuna, ka ɗau mitar tela ka auna kanka ta saman gira ka turo min santimita nawa ne kahin Laraba. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta na cikin kayan.