Man Shafawa a Lokacin Hunturu: Wanne Ya Dace Mai Iyali Ya Saya?

Da zarar makarantu sun ba da hutu a watan Disamba, a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a za ka ga iyaye suna zagaya rumfunan man shafawa, domin a lokacin ne iskar hunturu ke kaɗowa daga hamada, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, yaron da ya wuni yana wasa a ƙura ya dawo gida ƙafafunsa fari fat kamar an bulbule shi da toka. A gidana na gwada kusan duk abin da ake sayarwa, kuma ban ga wanda ya kai man kaɗe ba.

Basilin shi ne abin da hannu ya fi kaiwa gare shi, saboda yana da araha kuma ba a rasa shi ko a teburin mai kayan koli. Daga ɗanyen man fetur ake tace shi, aikinsa kuwa shi ne rufe fata don kada danshi ya fita, amma yana zama a saman jiki, ƙura ta manne masa, kafin azahar yaro ya yi duƙun-duƙun. Giliserin sai an sirka shi da ruwa, in ba haka ba danƙo kawai yake yi. Man kwakwa ba shi da nauyin da zai tsaya wa faso, man shanu kuma tukunyar miya ta fi dacewa da shi. Mayukan kanti masu alƙawarin hasken fata kuwa, kada ma a kusantar da su jikin yara.

Man kaɗe daga ƙwallon kaɗanya ake samunsa, kuma mafi yawan wanda ke zuwa kasuwanninmu daga yankunan Neja da Kebbi da Kwara yake fitowa. Mata ne ke tsintar 'ya'yan da damina, su dafa ƙwallon, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sannan su yi ta cuɗa ƙullun da ruwa har man ya taso, aikin da ke cin kwanaki. Abin da ya sa na fifita shi shi ne yana narkewa da ɗumin jiki kawai, ya shige fata maimakon ya kwanta a kanta. A gidana, bayan wankan dare da ruwan ɗumi, tun jiki bai gama bushewa ba ake murza shi a tafin hannu a shafe yara, a cusa shi cikin fason diddige a sa safa. Curi ɗaya mai kyau yakan wadatar da mu tsawon hutun, ya yi aikin leɓe da na gashi har da na hanci idan ya bushe. Wasu ba sa son ƙaurinsa, amma ni wannan ƙaurin ne ma yake kwantar mini da hankali.

Sai dai a nan ne algus ya fi yawa, kuma na taɓa ɗanɗana kuɗata. Shekaran bara na sayi babban curi a hannun wani mai talla saboda arha, ban ko taɓa shi ba. Da muka yanka a gida, sai ga bayansa mai ne, cikinsa kuwa wani farin ƙullu mai kama da na rogo, ga warin tsami. Ƙaramar 'yata da aka riga aka shafa wa ta kwana tana susa. Tun daga ranar ba na biya sai an raba curin biyu a gabana, kuma duk mai sayarwar da ya ƙi, nakan yi masa sallama in wuce.

Ka lakato kaɗan daga tsakiya ka murza a bayan hannu. Na gaskiya zai narke ƙaf. Ko da yana da 'yan gudaji, su ma narkewa za su yi, amma gari ko tsakuwa ba sa narkewa. Idan santsinsa ya yi yawa yana ƙyalli, ana iya zaton an haɗa shi da basilin, idan kuma yana ƙarni, kitse ne aka zuba. A gida ka ɗora cokali ɗaya a wuta: mai kyau zai koma mai garai-garai, wanda aka cika da ruwa zai yi ta fallatsi, wanda aka haɗa da gari kuma zai bar farar laka a gindin cokali. Launi kada ya ruɗe ka, domin ana rina shi da saiwar rawaya, don haka ruwan ɗorawa bai fi mai launin madara inganci ba. Wanda aka zuba a roba mai tambari kuwa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Na fi son sayen wanda tsofaffin mata ke kawowa a ƙwarya, da hantsi kafin kasuwa ta cika, lokacin da za su bar ka ka duba a natse. Idan ka kai gida, ka juye shi a mazubi mai murfi, ka ajiye nesa da murhu da rana.