Hattara da masu kwasar firiza idan za ku tashi daga gidan haya

Jama'a dan Allah duk mai shirin tashi daga gidan haya a Kano ya tsaya ya karanta, ni dai an yi min, kar a sake yi wa wani.

Watan jiya mai gidan da nake haya a Hotoro ya ƙara kuɗi, na ce ba zan iya ba, na samu wani a Rijiyar Zaki. Katifu da kujeru duk mun kwashe, saura firiza babba da injin wanki da wata tsohuwar esi da ta daina sanyi, kuma a saman bene nake, ga ejen ya dame ni da waya wai sabon ɗan haya na jiran makulli. Sai na ga wani yana talla a WhatsApp wai suna kwasar kaya kuma suna sayen kwandem, kuɗinsa ko rabin abin da masu a-kori-kura suka ce min bai kai ba. Tun nan ya kamata jikina ya ba ni, amma kun san halinmu da son araha.

Su uku suka zo, ga ladabi, yallaɓai kaza yallaɓai kaza. Esin kuwa mai tallan ya ce zai saya, ya nuna min wayarsa wai ya tura, alat kuma ya shigo min ta tes. Na ce zan bi motar, suka ce gaba ya cika, in je in jira su kawai. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba sai bayan magariba suka iso wai taya ce ta fashe.

To ga inda wayon yake. Da suka sauke ya ce kar in kunna firizar sai gobe saboda man kwamfireso, wato injin da ke sa ta sanyi, ya koma mazauninsa, kuma wlh maganar gaskiya ce, duk mai gyaran firij haka zai ce maka idan an kwantar da ita a mota, shi ya sa ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Washegari na jona, shiru. Mai gyara ya kwance murfin gefe, babu kwamfireso, an datse bututun jan ƙarfen an mayar da murfi an ɗaure tsaf. Na duba asusu a manhajar banki, ko sisi bai shiga ba, alat ɗin na bogi ne. Lambar mai tallan a kashe har yau.

Don haka kar ka bari mota ta tashi babu kai ko yaronka a ciki, ko a baya ne kan kayan. Ka ɗauki hoton lambar mota da na kwamfireso kafin a ɗora. Kwandem kuwa gara ka kai Ƙofar Ruwa da kanka a yi ciniki ido da ido a ƙirga maka kuɗinka. Injin wankin ma jiya na lura ko juyawa ba ya yi, tsoron buɗe shi nake ji.