Masu Benz da BMW, hattara da 'yan "injinka ya buga"

Jama'a don Allah a tura wa 'yan uwa. Akwai wasu gayu da suke kiran kansu injiniyoyin manyan motoci, ba gareji ba komai, daga jaka sai kwamfutar gwaji, tallarsu duk a Facebook da TikTok take. Kana cewa motarka tana wata ƙara za su zo har gida, a jona kwamfuta, gogan ya girgiza kai ya ce wallahi Alhaji metal (ƙarafan da babbar sandar inji ke juyawa a kansu, can ƙasan inji) ya tafi, sai dai a sauke inji, amma ka yi sa'a akwai inji ɗan Beljiyam a hannu. Wani maƙwabcinmu mai Benz C300 haka suka yi masa, suka ɗauke lafiyayyen injinsa wai ai ya zama kwandam, suka ɗora masa wani da aka wanke aka fesa wa fenti, ga kuɗi ya biya ga nasa ya tafi kasuwa, yanzu lambarsu ma ba ta shiga.

Kwamfutar nan fa ba kunne gare ta ba, abin da sensa ya kai rahoto kawai take nunawa. Kuma ba kowace ƙara ce mutuwar inji ba. Injin BMW irin N54 da N55 nozul ɗinsu masu fesa fetur da famfon fetur dama can suna tik-tik-tik a sulo, haka aka ƙera su. Ƙarar kar-kar da safe ta daƙiƙa biyu ko uku ta ɗauke, yawanci wajen tayimin cen ne (sarƙar da ke daidaita juyawar inji) kafin baƙin mai ya hau sama, a duba ta da wuri amma gyara ne ba canjin inji ba. Wani lokacin ma gwangwanin da ke jikin salansa ne ya saki, ko fetur mara kyau ka sha.

Ƙarar metal daban ce, ƙwanƙwasa ce mai nauyi daga ƙasan inji, kana taka totur tana bin ka. Ita wannan kashe motar kawai, kar ka ce bari na lallaɓa gida. A juye baƙin man a gabanka, a buɗe filta, in metal ne za ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli, a kuma auna ƙarfin hawan baƙin mai da geji.

Kafin kowa ya ɗora sifana ka ɗauki hoton lambar injinka, ka kai wa bakanike na biyu mai gareji da aka sani ya saurara. In ma har canjin ya zama dole, tsohon injin naka ne, a sa maka shi a a-kori-kura ya bi ka gida.