Sharhi kan NoduMax: abin da na gani a gonar waken suya

A daminar bana na gwada NoduMax, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ke haɗawa don waken suya. Baƙin gari ne kamar na gawayi, amma a cikinsa akwai ƙwayoyin bakteriya masu rai. Da iri ya tsiro sai su shiga saiwa su yi ƙullutai, su riƙa zuƙo naitirojin daga iska suna ba shuka, wato aikin da muke sayen yuriya da tsada don ta yi.

Gonar na raba biyu a yankin Giwa: iri ɗaya, TGx 1448-2E, takin supa ɗaya. Irin rabin gonar na jiƙa da ruwan ƙaro a inuwa, na barbaɗa garin, na cuɗa har kowace ƙwaya ta yi baƙi, na shuka da safen nan. Da waken ya fara fure na tumɓuke tushe daga kowane ɓangare. Na NoduMax saiwarsa cike take da ƙullutai manya, kuma da na fasa da farce cikinsu ja ne, alamar suna aiki. Ɗaya ɓangaren ma ya yi, don irin TGx an ƙirƙire shi ne ya iya haɗuwa da bakteriyar da ke ƙasarmu, sai dai nasa ƙanana ne, ganyen ma bai kai wancan duhu ba. Ranar sussuka bambancin ya fito a buhu.

Abin kiyayewa shi ne zafi. Na taɓa ganin wani dillali ya jera irin waɗannan ledoji a rumfar kwano da tsakar rana, alhali abu mai rai ba ya jure haka. Mai saye ya duba ranar lalacewa, ya kuma tambayi inda aka ajiye.

Akwai abin da ke raina. Nau'in bakteriyar da ke cikin NoduMax, USDA 110, asalinsa daga Amurka yake. Wakenmu da gyaɗarmu kuwa tun kaka da kakanni da bakteriyar ƙasar nan suke aiki, wadda ta saba da zafin bazara da dogon rani. Ina fatan masu bincike, har da na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, su tace mafi ƙwazo daga cikinta su kawo mana a leda. Kafin nan, baɗi in Allah ya kai mu duk gonar zan cuɗa.