Kaskon gashi: wanne ya dace da murhunki, kuma a ina za ki ajiye shi?

Ana saura wata guda bikin 'yar yayata muka shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano, ni da ita, riƙe da takardar kayan kicin mai layi kusan 40. Da muka zo kan kaskon gashi, mai shago ya sauko mana da kala huɗu ya jera a kan benci. Dukkansu baƙaƙe ne masu kusurwa huɗu, cikinsu layi-layi kamar kunyar gona. Yarinyar nan ta kai hannu kan wanda ya fi sheƙi, mai ɗigo-ɗigon fari. Na ce mata ta ɗaga shi tukuna, sannan ta ɗaga na kusa da shi. Na farkon da yatsu uku ta ɗauke shi. Na biyun sai da ta sa hannu biyu, ta ce, "Anti, wannan ai sai ya karya min hannu." Mai shagon ya ce, "Amarya, ki bi maganar Anti, mai nauyin nan har jikokinki sai sun ci gashinsa."

Layukan nan na cikin kaskon su ne dalilin sayensa. Suna ɗaga nama daga kan maiƙon da yake tsatsafowa, maiƙon ya gangara cikin kwari, naman ya gasu maimakon ya soyu a cikin ruwan jikinsa. Don haka abin da za ki fara dubawa shi ne tudun layin. Idan kika shafa da yatsa kika ji da ƙyar ya taso, wannan kaskon suya ne aka yi wa ado. Ki nemi wanda tudunsa ya kai kamar rabin santimita. Amma kada wani ya ce miki zai ba ki tsire irin na mai nama na bakin titi. Ƙamshin tsire da balangu daga garwashi yake zuwa, da hayaƙin kitsen da ya ɗiga a wuta. Kasko zai ba ki nama mai zane, mai ruwa-ruwa a ciki, a cikin kicin ɗinki da daddare ba tare da hura gawayi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda take zaune a saman bene a gidan haya, inda babu tsakar gida.

Na baƙin ƙarfe na zubi shi ne wanda nake so, kuma shi na fi daɗewa da shi. Mai faɗin santimita 26 yakan kai kusan kilo 3. Ba ya saurin ɗaukar zafi, sai kin bar shi a kan matsakaiciyar wuta minti 5 zuwa 10, amma in ya ɗauka ba ya saki. Amfaninsa ke nan: idan kika shimfiɗa nama mai sanyi a kan kasko marar kauri, nan take zafinsa zai faɗi, naman ya fara fitar da ruwa yana dahuwa, ya koma toka-toka. A kan baƙin ƙarfe kuwa da ya sauka za ki ji cuuu, ya kama, ya yi ja. Yana hawa gas, yana hawa kurfoti, yana shiga oban, kuma cokalin ƙarfe ba ya yi masa komai.

Sai dai yana son kulawa, kamar sabuwar tandar waina. Ranar da kika kawo shi gida ki wanke, ki busar da shi a kan wuta, ki shafe shi da man gyaɗa kaɗan ciki da baya, ki goge da tsumma har ki ga kamar babu man, sannan ki mayar kan wuta sai ya yi hayaƙi. Ki maimaita sau uku. Wannan man da ya ƙone ya daskare a jikinsa shi ne yake hana kamu, shi ne kuma yake tsare shi daga tsatsa. Kada ki jiƙa shi a ruwa ya kwana, kada kuma ki bar abu mai tsami a ciki, irin su tumatir da lemon tsami da tsamiya, don suna cinye wannan shafen. Akwai na zubi mai rufin tangaran a jikinsa, irin na kamfanin Le Creuset na Faransa, wanda ba ya buƙatar wannan hidimar, amma tsadarsa ta wuce ta gidaje da yawa, kuma in ya faɗi a kan tayil rufin yana ɓantarewa.

Ga wani abu da ya kamata ki sani kafin ki biya kuɗi. Da yawa daga cikin kaskon da ake miƙo wa mutum a ce na zubi ne, alminiyam ne aka zuba aka shafa masa baƙin rufi. Ki tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a jaka, irin na jikin ƙofar firji ma ya isa. In ya manne a cikin kaskon da gefensa, ƙarfe ne. In ya zame, alminiyam ne. Ki gwada a gefe ba a gindi kawai ba, domin wasu na alminiyam ana liƙa musu faifan ƙarfe a ƙasa.

Shi na alminiyam mai rufin da ba ya kamu, wanda muke kira nonsitik, ba abin ƙi ba ne in an san aikinsa. Ba shi da nauyi, yana zafi cikin minti biyu, wankinsa ba wahala. Kifi, hanta, yankan dankali, albasa da tattasai, ko ɗumama gurasa kafin a yi bandashe, duk yana yi lafiya lau. Inda yake gazawa shi ne wuta mai ƙarfi. Rufin nan na Teflon yakan fara lalacewa in zafi ya wuce digiri 260, kuma kasko marar kauri da aka bari babu komai a ciki a kan gas yana iya kaiwa nan cikin 'yan mintuna. To gashin nama kuwa zafi yake so. Masu ɗigo-ɗigon nan da ake cewa na dutse ne, yawancinsu irin wannan rufin ne aka yi wa kwalliya, babu wani dutse a ciki. Na taɓa sayen irinsa a wani shago, mai arha, wata shekara ana gab da Babbar Sallah. Washegarin layya na yi gashi a kansa zubi huɗu a jere, na ɗauke shi da zafinsa na sa a ƙarƙashin famfo. Ya yi ƙara, gindinsa ya bankare, daga ranar bai sake zama daidai a kan murhu ba. Kafin wata shida baƙin rufin ya fara fitowa yana bin abinci, na jefar da shi. Har yau abin yana min ciwo, don da na ƙara kaɗan a kan kuɗin da na sayi mai kauri. In za ki sayi nonsitik, ki matsa gindinsa da babban yatsa. In kika ji yana lotsawa, ki ajiye musu. Ki haɗa da cokalin katako, ki raba shi da soson ƙarfe, ki kuma sa a ranki cewa na 'yan shekaru ne, ba na gado ba.

Akwai kuma mai baki biyu, wanda ake rufewa kamar littafi a juya shi gaba ɗaya. Ana yawan ganin sa a kayan amare. Yana da roba a bakinsa da take tare tururi, da maganaɗisu ko ƙugiya a hannu. Ga kifi, musamman karfasa da take saurin farfashewa wajen juyi, ban ga kamarsa ba, kuma yana rage ƙarni da fantsamar mai a kicin. Kaza ma tana nuna har ƙashi. Amma tun da a rufe yake, abin da ke ciki rabi gashi ne rabi turare. In kina son bayan kaza ya yi ƙaras-ƙaras, sai kin buɗe shi a mintunan ƙarshe. Robar ita ce take fara mutuwa, in ta saki kuma mai zai riƙa zuba a kan wuta duk lokacin da kika juya. Ki tambayi mai shago ko akwai robar canji a cikin kwalin, ki rufe shi ki ɗaga sama ki duba ko haske yana ratsawa ta bakin.

Na silba ba ya tsatsa, ba ya tsoron soso, amma nama yana kama shi sosai in hannu bai saba ba, kuma marar kauri yana ƙona wuri guda ya bar sauran. Ba zan ba wadda take fara koyon gashi shawarar sa ba.

Na lantarki kuwa lissafin wuta ne. Yawancinsu suna jan wat 1,500 zuwa 2,000. Mai 2,000 in ya yi rabin awa a kunne ya cinye yunit ɗaya a mita. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, ƙaramar sola ta fitila da fanka ma haka. In layinku yana samun wuta sosai, yana da daɗin aiki don zafinsa ba ya hawa da sauka. In ba haka ba, zai zauna a kwali.

Wadda take da tsakar gida kada ta raina raga da kurfoti. Su ne mafi arha, su ne kuma masu ba da ƙamshin gaske. Ki sayi ragar da aka yi don gashi, ba wadda aka ciro daga tsohon firji ba, domin waɗancan akwai rufin roba ko na sinadari a jikinsu wanda wuta take narkarwa. Kuma ina roƙon ki, duk sanyin hunturu kada ki shigar da garwashi ɗaki ko kicin a rufe ƙofa. Iskar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari, tana kuma kisa.

Murhunki ma yana da ta cewa. In ƙaramar tukunyar gas ce mai kilo 3 ko 6 wadda ake ɗora kai a samanta, kasko mai nauyi da dogon hannu yana iya rinjaya ya kife, musamman a gidan da yara suke kai-kawo. A nan gara mai kunne biyu gajeru. Kasko mai kusurwa huɗu a kan wuta zagayayya, kusurwoyinsa ba sa zafi kamar tsakiya, don haka babba ƙwarai a kan ƙaramin kai asara ce. Risho ba ya ba baƙin ƙarfe zafin da yake so sai an daɗe, ga baƙin hayaƙi. Hannun roba ko na katako kuwa in ya hau kurfoti ya gama yawo. Ki juya kaskon ki ga yadda aka haɗa hannun: wanda aka zuba tare da jikinsa ko aka dasa da ƙusoshi biyu zuwa uku ya fi mai noti ɗaya da yake kwancewa. Farashi yana bin dala, saboda haka ki taya a shago uku, ki leƙa kasuwar Rimi ma kafin ki yanke.

In kin zo gashin, naman za ki shafa wa mai, ba kaskon ba. Yajin ƙuli kuma kada ki zuba shi da yawa tun farko, yana zubewa cikin kwarin ya ƙone ya sa ɗaci. Ki shafa kaɗan ya kama jikin naman, sauran ki barbaɗa bayan kin sauke.

Yanzu maganar ajiya, wadda ita ce take kashe kaya a gidajenmu fiye da girkin kansa. Kano yanayi biyu take gwada kicin da su. Daga Yuni zuwa Satumba danshi ne, a watan Agusta kaskon ƙarfe da aka kife da ɗan ruwa a kwarinsa zai wayi gari da jan tsatsa. Goge shi da tsumma bai isa ba, sai an ɗora a wuta minti ɗaya ya bushe ƙarƙaf, a shafa ɗigon mai, a bar shi ya huce. Kada ki ƙulle shi a leda, leda tana riƙe gumi. Da hunturu kuma ƙura ce, tana bi ta kowace kafa ta manne a kan maiƙo ta zama wani danƙo. Sai ki rufe shi da tsumma mai tsabta ko ki kife shi. Ɓurɓushin ƙuli da kitse da ya maƙale a kwari shi ke kiran kyankyasai da ɓera, don haka ki samu ɗan buroshi mai tauri na kaskon shi kaɗai. In abu ya kama, gishiri mai gari-gari da ruwan zafi suna fitar da shi.

Nonsitik ba a ɗora masa wata tukunya a ciki haka kawai. Gindin ta sama yana kankare rufin ta ƙasa duk lokacin da aka ja. Ki yanka kwali ko tsohon zani ki sa a tsakani. Masu nauyi su zauna a ƙasa, marasa nauyi a sama, murafe kuma a tsaye a gefe guda. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba wurin ƙarfe ba ne, bututu yana yoyo ba a sani ba. Tukwanen alminiyam kuma ba a barin miya mai tsami ko gishiri ya kwana a cikinsu, yana huda su ƙanana-ƙanana.

Wajen zaɓen abin ajiyar, kabad ɗin katakon nan da aka matse daga garin katako yana da kyau a ido ranar jere, amma in ruwa ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura ya fara zubewa. In shi za a yi, a ɗaga shi daga ƙasa. Na alminiyam ba ruwansa da gara ko ruwa, sai dai allunansa ba su da ƙarfin ɗaukar tukwanen ƙarfe. Kantar roba irin ta kasuwar Ƙofar Wambai ta robobi ce da kofuna. Ni abin da ya fi min amfani a ƙaramin kicin ɗina shi ne kantar ƙarfe mai hawa huɗu da na sa mai walda ya haɗa min, da sandar ƙarfe guda a bango mai ƙugiyoyi. Sandar a huda bango a ɗaure ta da noti, domin ƙusa a jikin bulo ba za ta riƙe kilo 3 ta daɗe ba. A gidan haya kuwa a nemi izinin mai gida kafin a huda.

Ita 'yar tawa, da muka lissafa, gas mai kai biyu za ta yi amfani da shi, a bene za ta zauna, mijin kuma mai son kifi ne. Muka ɗauki mai baki biyu mai kauri, da ƙaramin na baƙin ƙarfe mai kunne biyu, muka soke saitin kasko uku da ke kan takardar. Ranar jere na ciro na ƙarfen daga kwali da kaina, na yi masa shafen mai sau uku a kan gas ɗinta, na rataye shi kusa da murhu inda hannunta zai kai.